Koyar da Inganta Aiki a Kai a Kai a Ɗakin Gwajin Injiniyanci: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin sababbin malaman injiniyanci, masu kula da ɗakunan gwaji, da ɗaliban da suka shiga darasin zayyana da ƙira. An jera su yadda amsar wata za ta share wa wata hanya, amma kowa na iya farawa daga inda ƙaiƙayinsa yake.

Me ake nufi da inganta aiki a kai a kai a irin wannan darasi?

Ana nufin ɗalibi ya ƙera abu, ya auna yadda yake aiki, ya sauya wani sashe bisa dalili, ya sake aunawa, sannan ya yanke hukunci ko sauyin ya zauna ko a cire shi. Daga nan ya sake zagayowa. Matakai huɗu ne: tsarawa, gwadawa, nazarin abin da ya fito, da ɗaukar mataki.

Abin da ya raba wannan da kame-kame shi ne hasashe. Kafin ɗalibi ya taɓa sukurdireba, sai ya rubuta abin da yake tsammani, da lamba. Misali: "Idan na ƙara tsawon bututun hayaƙin murhun nan da santimita 10, ina sa ran lita 5 ta ruwa za ta tafasa da sauri da minti 3, domin iska za ta fi ja." Idan ya gwada ya ga akasin haka, ya gano cewa fahimtarsa game da murhun tana da rami, kuma ya san inda ramin yake.

Ku dubi abin da aka saba. Ɗalibai su kwashe zango suna zane a takarda, su ƙera injin sau ɗaya a makon ƙarshe, su tayar da shi na minti 2 a gaban malamai ranar kare furojet, a tafa, a tura shi bayan ɗakin gwaji ya sha ƙura. Wanda ya bi ta wannan hanya bai taɓa ganin abin da ke faruwa bayan gwajin farko ba, alhali mafi yawan aikin injiniya a can yake.

Daga ina wannan tsari ya samo asali?

Daga masana'antu. A 1924 Walter Shewhart, wanda ke aiki da kamfanin tarho na Bell a Amurka, ya fito da jadawalin da ke bambanta sauyin da ke cikin kowane aiki bisa ɗabi'a da sauyin da ke da wani sanadi na musamman. W. Edwards Deming ya ɗauki tunanin Shewhart ya kai Japan a 1950, inda ya koyar da injiniyoyi da shugabannin kamfanoni, har aka kafa lambar yabo da sunansa a 1951. A kamfanin Toyota, Taiichi Ohno ya gina tsarin da ma'aikaci na ƙasa ke da bakin magana kan yadda za a gyara aikinsa. Kaoru Ishikawa kuma ya yaɗa ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata masu zama su tattauna inganci tun daga 1962, tare da zanen nan mai kama da ƙashin kifi da ake jera musabbaban matsala a kai. Japanawa na kiran ɗabi'ar gaba ɗaya kaizen.

Makarantun injiniyanci sun biyo baya. A 2000 jami'ar MIT da wasu jami'o'i 3 na Suwidin suka fara tsarin CDIO, wanda ke neman ɗalibi ya bi abu tun daga tunaninsa, zayyana shi, ƙera shi, har zuwa sarrafa shi.

Wannan ai maganar masana'antar da ke buga kaya dubu iri ɗaya ce. Mai zayyana sabon abu me ya haɗa shi da ita?

Mai zayyana ma ya fi bukata, domin shi ne bai san amsar ba tukuna.

'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, jirgin samansu marar inji na 1901 bai ba su ƙarfin ɗagawa ba sai kusan kashi 1 cikin 3 na abin da lissafi ya nuna. Ba su sake gina wani babba suna fata ba. A shagonsu na kekuna a garin Dayton na Amurka suka haɗa ƙaramin akwatin hura iska, suka gwada siffofin fiffike kusan 200, suka rubuta sakamakon kowanne. Jirgin 1902 da aka gina a kan waɗannan alƙaluma ya yi ɗaruruwan shawagi, kuma ranar 17 ga Disamba 1903 mai injin ya tashi.

Labarin Paul MacCready ya fi kusa da abin da malami ke bukata. Tun 1959 aka sa kyautar Kremer ga wanda zai ƙera jirgin da ƙarfin mutum kaɗai zai tuƙa ya zagaya hanya mai siffar lamba 8. Shekara 18 babu wanda ya ci. Ƙungiyoyi kan daɗe suna gina jirgi mai kyan gani, ya faɗi sau ɗaya, a koma watanni ana gyara. MacCready ya gina nasa da bututun alminiyam, waya da leda marar kauri, yadda idan ya karye za a ɗaure a sake tashi ba da jimawa ba. A watan Agusta 1977 jirginsa ya ci kyautar, fam 50,000. Ya fi sauran yawan gwaji ne, domin gwajinsa ba shi da tsada. Malamin da ke zaɓar wa ɗalibai aiki ya riƙe wannan: a zaɓi abin da za a iya wargazawa a sake haɗawa a zama ɗaya na ɗakin gwaji.

Zangon karatu gajere ne, wani lokaci ma a ƙara datse shi. Ina lokacin ƙera abu sau uku?

Sai an rage girman aikin. Ba a samun lokacin ta wata hanya. Injin casar masara cikakke ba zai ƙeru sau uku a zango ɗaya ba, amma gangar da ke bugun masarar kaɗai za ta sake siffa sau uku, idan makaranta ta tanadi firam da injin da ke juya gangar.

Idan akwai makonni 12 na koyarwa, ga rabon da nake ganin ya dace. Makonni 2 na farko a koyi awo da ƙaramin aiki na takarda. Zuwa ƙarshen mako na 5 samfurin farko ya tsaya, ko da muni ne, a auna shi. Zagaye na biyu ya ƙare a mako na 8, na uku a mako na 11. Mako na ƙarshe na rahoto ne da miƙa aiki. Ranar samfurin farko kada ta motsa ko kaɗan, domin ɗalibai za su roƙi ƙarin mako su kyautata shi, kuma wannan makon daga zagaye na uku za a ciro shi.

Da wane aiki ya kamata a fara?

Da jirgi mai saukar ungulu na takarda. George Box, masanin ƙididdiga a jami'ar Wisconsin, ya shahara da amfani da shi wajen koyar da injiniyoyi tsara gwaji. Ana yanka takarda a yi mata fikafikai biyu da jiki, a sake ta daga bene, tana juyawa tana sauka, a auna daƙiƙun da ta yi a sama. Ɗalibai su zaɓi abubuwa 3, kamar tsawon fiffike, faɗin jiki, da ko an maƙala kilif ɗin riƙe takarda ko ba a maƙala ba. Kowanne a ba shi mataki biyu, sai a samu haɗi 8. Almakashi, takarda da bene su ne duka kayan aikin, kuma a zama ɗaya ɗalibi zai ga cewa wani sauyin ba ya amfani sai an haɗa shi da wani.

Babban aikin zango kuwa, a nemi wanda ɗalibai suka san amfaninsa. Firjin randa cikin randa misali ne mai kyau: ƙaramar randa a cikin babba, yashi mai jiƙe a tsakani, ruwan yana tururi yana janye zafi. Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa shi a ƙauyuka. Tambayoyin injiniyanci a cikinsa ba su da iyaka. Nawa ya kamata faɗin ratar yashin ya kai? Yashi mai laushi ko mai tsakuwa? Sau nawa za a zuba ruwa a yini? Yana kuma da wani darasi na kansa: sanyin da yake bayarwa a watan Maris, lokacin da iska ta bushe, ba shi zai bayar a Agusta ba. Rukunin da ya auna samfurin farko da rani, na biyu bayan ruwa ya sauka, zai iya ɗora wa zayyanarsa laifin damina. Maganin shi ne a ajiye randa ɗaya da ba a taɓa ta ba a gefe, a riƙa auna su tare.

Ta yaya ɗalibi zai tabbatar gyaransa ne ya kawo sauyi, ba sa'a ba?

A nan mafi yawan rahotanni ke faɗuwa. Rukuni ya saki jirgin takarda sau ɗaya ya samu daƙiƙa 2.1, ya ƙara fiffike ya samu 2.3, ya rubuta cewa an ci nasara. Amma da sun saki na farkon sau 10 ba tare da sun taɓa shi ba, mai yiwuwa su ga lambobi daga 1.9 zuwa 2.4. Yatsan mai danna agogo kaɗai na iya kawo bambancin da ya kai haka.

Don haka darasin farko shi ne a maimaita awo kan abin da ba a sauya ba, a ga iyakar rawarsa. Sauyin da bai wuce wannan rawa ba, ba a kira shi ci gaba. Lissafi ya nuna cewa matsakaicin awo 4 yana rage rashin tabbas zuwa rabi, awo 16 zuwa rubu'i. Ɗalibi ya san wannan don ya iya yanke shawarar inda zai tsaya.

Deming yana da gwajin da ya dace a yi a aji. Ana sakin ƙwallon gilashi ta cikin mazurari ana nufin wani ɗigo a kan tebur. Idan an bar mazurarin wuri ɗaya, ƙwallon na faɗuwa kewaye da ɗigon. Idan kuma bayan kowace faɗuwa aka gusa da mazurarin don a rama kuskuren da ya gabata, warwatsuwar na ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa zai daina murɗa kusoshin inji duk lokacin da lamba ta ɗan motsa.

Yaya za a raba maki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, domin ɗalibi yana bin inda maki yake. Idan malami ya yi zango yana wa'azin gwaji da gyara, sannan ya ba da kashi 70 ga yadda injin ya yi ranar ƙarshe, to ya koyar da ɓoye aibu. Ɗalibai za su kai aikin wurin mai walda a gari, su shafa fenti, su share duk lambar da ba ta yi musu daɗi ba.

A ganina kaso mafi girma, kamar 40 cikin 100, ya tafi ga littafin aiki. Littafi ne mai ɗinki, ba warwatsattsun takardu ba, ana rubutu da biro, kowane shafi da kwanan wata. Ba a yage shafi, ba a goge kuskure, layi ɗaya ake ja a kansa yadda zai karantu. Malami ko mai kula da ɗakin gwaji ya sa hannu a ƙarƙashin hasashe kafin a yi gwajin. Wannan sa hannun shi ne ke hana a rubuta hasashe bayan an ga amsa. Sauran makin a raba tsakanin ingancin awo, bayanin baki na kowane ɗalibi shi kaɗai, rahoton miƙa aiki, da ƙwazon samfurin ƙarshe, wanda bai kamata ya wuce kashi 20 ba.

Akwai tarko guda. Idan aka ce makin yana kan tazarar da ke tsakanin samfurin farko da na ƙarshe, masu wayo za su lalata na farko da gangan. Kada a ba da maki kan girman tazara. A sa wa samfurin farko ƙaramin mizani da dole ya cika, sannan a duba hujjar kowane sauyi: me aka gani, me aka zata, me aka auna, me aka yanke.

Wani zai ce duba littattafai 60 kowane mako ya fi ƙarfin malami ɗaya. Gaskiya ne. Sai a riƙa duba na rukuni, a zaɓi ɗalibi ɗaya ba tare da sanarwa ba ya yi bayanin shafin wannan mako cikin minti 3.

Malam, idan gyaran da muka yi ya ƙara ɓata aikin fa? Mun faɗi ke nan?

A'a, ɗalibina. Idan kun rubuta hasashe, kun auna da kyau, kun bayyana dalilin da kuke ganin ya sa abin ya ƙi, kun koma kan tsohon tsari ko kun gwada wani, cikakken makinku na nan. Abin da zai kayar da ku shi ne ƙirƙirar lamba. Injiniyan da ya saba gyara alƙaluma don su yi kyau a makaranta, wata rana zai sa hannu kan gwajin kankaren ginin da mutane za su kwana a ciki.

Ba mu da kayan awo na zamani, wuta ma sai an tayar da janareta. Zai yiwu?

Zai yiwu, kuma ba ina cewa a daina neman kaya ba ne. A ci gaba da nema. Amma wayar da ke aljihun ɗalibi tana ɗaukar bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya fi yatsa a kan agogo daidaito nesa ba kusa ba. Lita 1 ta ruwa tana da nauyin kilo 1, don haka ana iya gwada sikeli da ita. Ma'aunin zafi kuwa a tsoma shi cikin ƙanƙara mai narkewa, ya kamata ya nuna 0. Wajen tafasasshen ruwa a lura: digiri 100 na bakin teku ne. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa na tafasa a wajen digiri 96, a Kano kuma wajen 98. Ɗalibin da ya gano wannan da kansa ba zai ƙara amincewa da na'ura ba tare da ya gwada ta ba.

A rukuni mutum biyu ne ke aiki, sauran suna jiran maki. Kuma da an samu matsala sai zargi.

Rukuni kada ya wuce mutum 4 ko 5, kuma aiki ya riƙa juyawa: wanda ya riƙe littafi a zagayen farko shi zai riƙe kayan ƙira a na biyu. A kula musamman kada a mayar da ɗalibai mata masu rubutu kawai alhali maza na kan injin.

Game da zargi, a koya musu dabarar Ohno ta tambayar "me ya sa" har sau 5. Ƙafar firam ta ɓalle. Me ya sa? Waldar ba ta ci ba. Me ya sa? Ƙarfen na da tsatsa da fenti. Me ya sa ba a goge ba? Ba a ga burushin ƙarfe ba. Me ya sa? Wani rukuni ya ɗauka bai dawo da shi ba. Me ya sa? Ba shi da wurin ajiya da kowa ya sani. Da an tsaya kan "wa ya yi waldar", da yaro ɗaya ya sha faɗa, mako mai zuwa wata ƙafar ta sake ɓallewa. Yanzu kuwa gyaran shi ne allo a bango da aka zana siffar kowane kayan aiki a inda yake rataye.

Yawan gwaji ba zai ƙara haɗari ba?

Zai iya, shi ya sa kowane sauyi da ya shafi wuta, abu mai juyawa ko matsin iska sai mai kula da ɗakin gwaji ya gani kafin a kunna. A Toyota kowane ma'aikaci na da ikon neman a tsayar da layin ƙira idan ya ga matsala. A ba kowane ɗalibi irin wannan iko, kuma kada a taɓa yi wa wanda ya tsayar da aiki dariya ko da ya zama ba komai.

Darasin kansa fa, wa zai inganta shi?

Hukumomin tantance kwasa-kwasai sun riga sun sa wannan a sharuɗɗansu. Hukumar ABET ta Amurka tana da sharuɗɗa 8 na gama-gari, na huɗunsu shi ne sashe ya nuna yana auna abin da ɗalibai suka iya, yana kuma amfani da sakamakon wajen gyara. Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta, tana tafiya a kan wannan tunani, kuma hukumar COREN, mai kula da aikin injiniyanci a Najeriya, ta samu shiga a matsayin mamba na wucin gadi a 2023. Saboda haka sassan injiniyanci a Zariya, Kano, Bauchi da sauran wurare ba su da zaɓi sai sun nuna hujja.

Abin da nake tsoro shi ne ya zama cika fayil ana saura mako biyu masu tantancewa su iso. Hanyar kauce wa haka ba ta da wuya. A ƙarshen zango malami ya zauna da masu kula da ɗakin gwaji, domin su ne suka san injin da ke cin lokaci da matakin da ɗalibai ke maƙalewa kowace shekara. Su duba littattafan aiki su zaɓi rauni ɗaya, misali yawancin rukunoni ba su maimaita awo ba. Su rubuta sauyi ɗaya da za a yi baɗi da abin da suke sa ran gani, a shafi ɗaya, da kwanan wata. Baɗi a buɗe shafin a kwatanta.

Samfuran bana kuma kada a zubar. A miƙa wa ɗaliban baɗi kowanne tare da littafinsa da alƙalumansa na ƙarshe, aikinsu na makon farko shi ne su sake awon su ga ko za su samu lambobin da waɗanda suka gabace su suka rubuta. Daga inda aka tsaya za su ɗora zagayensu na farko.